Ina 'yan ajinmu? Labaran zauren tsofaffin ɗalibai da waɗanda aka daina jin ɗuriyarsu

 

Da wuya a yau ki sami matar da ta taɓa zama a aji wadda ba ta cikin wani zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. Wata ma uku gare ta: na 'yan aji, na 'yan ɗakin kwana, da na makaranta baki ɗaya. Mu ma'aikatan jinya da ungozoma da muka yi karatu a nan Jigawa muna da namu. Makarantunmu ƙanana ne, ba su da mujallar tsofaffin ɗalibai, ba su da ofishin da ke bin sawun wanda ya gama. Saboda haka zauren nan shi ne jaridarmu, shi ne sanƙiranmu, wani lokacin kuma shi ne asusun taimakonmu.

Yau ina so mu duba irin labaran da ke yawo a waɗannan zauruka, sannan mu tsaya a kan labari guda da ba ya fitowa, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci ga duk wata uwa da za ta je awo ko haihuwa a asibitin garinsu.

Ƙaramar makaranta, babban zumunci

An ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, daga tsohuwar Jihar Kano, aka sa Dutse ta zama babban birni. Cikin ƙananan hukumomi 27 na jihar, bakwai ne ke ƙarƙashin Masarautar Dutse: Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, Buji, Kiyawa, Jahun da Miga. A wannan yanki ne da yawa daga cikin ma'aikatan lafiyar jihar suka koyi aiki. A Birnin Kudu akwai kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma, gari ɗaya da Cibiyar Lafiya ta Tarayya. A Jahun akwai kwalejin kimiyya da fasahar lafiya, wadda ke yaye jami'an lafiyar al'umma, waɗanda su ne ƙashin bayan ƙananan asibitocin karkara. A Dutse kuma ga asibitin Rasheed Shekoni, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Ɗaliban waɗannan wurare a gefen gadon majinyaci suke haɗuwa, tun suna sanye da kayan ɗalibai har su zama manya a aiki.

Wadda ba ta yi irin wannan makaranta ba ba za ta gane ƙarfin zumuncin da ke cikinta ba. Shekara uku kuna tare. Tare kuke layin ɗiban ruwa, tare kuke jiƙa garin kwaki idan kuɗin wata ya ƙare, tare kuke haddar sunayen ƙasusuwa da fitilar waya idan an ɗauke wuta. Tare kuka fara aikin dare. Ranar da kika fara karɓar haihuwa hannunki yana rawa, 'yar ajinku ce ke tsaye bayanki. Ranar da majinyaci ya fara cikawa a hannunki, ita ce ta raka ki bayan ɗaki kika yi kukanki kika wanke fuska. Irin wannan ba a mantawa.

Maza sun daɗe da gane amfanin wannan zumunci. A Birnin Kudu ɗin nan akwai Kwalejin Gwamnati, wadda tsofaffin ɗalibanta ke da ƙungiyar BIKOBA, kuma a nan Alhaji Aliko Dangote ya yi karatun sakandare. Kwalejin Barewa ta Zariya, wadda ta samo asali a Katsina a 1921, ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta ta shahara a duk faɗin Arewa. Su in sun yi taro jarida za ta ɗauka, a ga manyan motoci da manyan riguna, a ji an gyara ajujuwa ko an haƙa rijiyar burtsatse. Mu kuwa ba mu da attajirai ko ministoci. Abin da muke da shi waya ce, da ɗan data, da sanin juna ciki da bai. Amma kada a raina wannan, domin shi ma dukiya ne.

Labarai biyar da ba sa yankewa

Idan kika zauna kika bi saƙonnin zaure irin namu na wata guda, za ki ga kusan duka sun faɗa cikin gida biyar.

Na farko aure. Katin gayyata, hoton anko da farashinsa, lambar asusun da za a tura gudunmawa. Yanzu da muka shiga shekaru talatin da 'yan kai, bikin ƙanne da na 'ya'yan yayye ya fi yawa, sai kuma na wadda ta sake sabon ɗaki bayan rabuwa ko takaba.

Na biyu haihuwa. Nan kam mu ne gwanaye. Kafin a sanar da sunan jariri an riga an tambayi nauyinsa, an tambaya ko da kanta ta haihu ko aiki aka yi mata, an ja kunnen mai jego a kan ba da nono zalla wata shida.

Na uku rasuwa. Iyaye, mazaje, malamanmu na da, wani lokacin kuma ɗaya daga cikinmu. Ranar zaure yakan yi tsit daga raha, sai addu'a da tambayar wace ce ta fi kusa da gidan da za ta wakilce mu a zaman makoki. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Na huɗu aiki. Wance ta sami ƙarin girma. An mayar da wance daga Gwaram zuwa Kiyawa. Wance ta tafi ƙaro karatu a fannin kula da jarirai ko ɗakin tiyata. Wance ta shiga jami'a neman digiri. Ana sanar da ranar jarrabawar ƙarin girma da ranar tantance ma'aikata, kuma sau da yawa a zaure muke fara ji kafin takarda ta iso.

Na biyar tafiya waje. Hoton wata cikin rigar sanyi a Ingila, wata a bakin asibiti a Saudiyya. A watan Fabrairun 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa ya faɗa cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku. A lokacin ne hukumar ta fito da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi aƙalla shekara 2 yana aiki kafin a tantance masa takardu don fita waje, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Mu ma a zaure an kwana ana muhawara, masu cewa a bar kowa ya nemi arzikinsa da masu cewa to wa za a bar wa gida.

Akwai kuma ranakun da zaure ke nuna ainihin amfaninsa. Daren 15 ga Oktoba, 2024, da tankar mai ta kama da wuta a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura, mutum sama da 150 suka rasu, wasu da dama suka ƙone. A daren da kwanakin da suka biyo baya babu mai zancen anko. Tambaya ɗaya ce ke yawo: wa ke kusa, wa ke hutu da za ta iya fitowa, ina ake buƙatar jini. Haka ma lokacin ambaliyar 2022 da ta raba dubban mutane da gidajensu a jihar nan. A irin waɗannan ranaku za ki gane cewa ƙaramin zauren mata na iya tashin mutane da sauri.

Labari na shida: shiru

Amma akwai labarin da ba a rubutawa. Ki buɗe jerin sunayen 'yan zaurenku, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Za ki ga masu magana kullum ba su wuce goma ba. Za ki ga masu leƙowa ranar biki ko rasuwa. Sai kuma ki ga waɗanda rabon da su ce uffan an yi shekara biyu ko uku. Wasu ma lambarsu ta fita daga zauren babu wanda ya lura. Hausawa suka ce shiru ma magana ce.

A zauren ma'aikatan jinya, yawancin masu wannan shiru mata ne da suka ajiye aiki. Sun ci jarrabawa, sun karɓi lasisi, wasu har sun yi shekaru suna aiki, sannan suka koma gida. Babu mai sanar da zaure cewa ta daina aiki kamar yadda ake sanar da ƙarin girma. Sai dai ta janye jiki a hankali. Duk lokacin da aka sa hoton wata da sabon muƙami, ita sai ta ji kamar ana mata gori, ko da babu mai nufin haka. Daga baya ta kashe sautin zauren, daga nan ta fita.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, duk mun san su. Na farko aikin dare. Magidanta da yawa sun yarda mace ta yi aikin asibiti da rana, amma batun ta kwana a waje sai a ce ba da su ba, musamman idan dangi sun fara tsegumi. Na biyu nisa. An tura ki wani ƙauye mai tafiyar awa biyu, babu gidan ma'aikata mai kyau, miji yana Dutse, yara suna makaranta a Dutse, kuɗin mota kuma ya cinye rabin albashi tun bayan cire tallafin mai a 2023. Na uku raino. Haihuwa kusa da kusa, babu mai riƙe yaro, hutun haihuwa ya ƙare. Na huɗu lasisi. Dokar aikinmu ita ce a sabunta lasisi duk shekara uku, bayan an halarci horon ƙarin sani da hukuma ta wajabta. Idan mace ta zauna a gida shekaru suka taru, kuɗin da wahalar su ma taruwa suke yi, sai ta ga kamar ƙofar ta rufe. Na biyar kunya da tsoro. Tana ganin hannunta ya yi sanyi, an canja magunguna da ƙa'idoji, yaran da ta girma yanzu su ne shugabanni.

Ba na cewa duk wadda ta zauna a gida an tilasta mata ne. Akwai wadda ta zaɓi haka da zuciya ɗaya, ta kama sana'arta ko tarbiyyar 'ya'yanta, kuma wannan haƙƙinta ne, ba mai ganin laifinta. Maganata a kan waɗanda ke son komawa ne amma ba su san ta inda za su fara ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsu.

Me ya sa wannan ya shafe ki?

Wata za ta ce, to ni da ba nas ba ce, ina ruwana da 'yan ajinku? 'Yar uwa, da ruwanki har da tsakinki.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Nijeriya sanadin ciki ko haihuwa a wannan shekara kaɗai, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duk duniya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti a Nijeriya, a yankinmu na Arewa maso Yamma kuwa kashi 16 ne. A babban asibitin Jahun, ƙungiyar likitocin nan ta MSF tana aiki tare da gwamnatin jiha tun 2008 a ɓangaren haihuwa da gyaran yoyon fitsari, kuma duk wadda ta taɓa leƙa wurin ta san yadda mata ke isowa a galabaice bayan doguwar naƙuda.

Abubuwan da suka fi kashe mata a wajen haihuwa sanannu ne: zubar jini, jijjiga da hawan jini ke kawowa, doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta bayan haihuwa. Kowanne yana da magani ko matakin da ake ɗauka, kuma yawancinsu ba su da tsada. Akwai allurar da ake yi da zarar jariri ya fito don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Akwai wadda ake yi wa mai jijjiga. Akwai takardar da ake bin naƙuda da ita awa bayan awa, don a gane da wuri idan ta tsaya a tura mace babban asibiti. Amma magani a cikin kwaba ba ya yi wa kansa aiki. Sai da hannun da ya iya, a wurin, a lokacin, ko da ƙarfe biyun dare ne.

Sannan mun san halinmu. Mata da yawa, da mazajensu, ba sa sakin jiki idan namiji ne a ɗakin awo ko ɗakin haihuwa. Idan aka ce asibitin gari babu ma'aikaciya mace, sai a zauna a gida har abu ya ɓaci. Don haka ne aka kawo shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta tallafa daga 2012 zuwa 2020 a jihohin Arewa da suka haɗa da Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara. A ƙarƙashinsa al'ummar karkara suka riƙa zaɓo 'yan mata da matan aure, a ba su shekarar share fage don su cike gurbin darussan kimiyya, su shiga makarantun lafiya, da alkawarin za su koma su yi wa garinsu aiki. Ma'ana, an daɗe da gane cewa maganin matsalar ita ce 'yar gari wadda ta iya aikin.

To ki duba. Muna kuka da waɗanda suka tafi Ingila da Saudiyya, alhali ga wasu nan a cikin unguwanninmu, a Dutse da Birnin Kudu da Jahun, da takardunsu a cikin akwati ƙarƙashin gado. Ba sa buƙatar biza ko tikitin jirgi kafin su dawo. Gwamnati ba ta san adadinsu ba, domin wadda ta daina zuwa aiki suna kawai ake gogewa. Waɗanda suka san su, suka san gidansu, suka san halin mijinsu da na surukarsu, su ne 'yan ajinsu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Yadda muka fara neman juna

A namu zauren, abin ya fara ne da shawarar wata daga cikinmu cewa a rubuto sunayen 'yan aji kaf kamar yadda suke a rajista, a sa alama a gaban kowace: tana ina, tana aiki ko ba ta yi, wa ya yi magana da ita kwanan nan. Da aka gama sai jikin kowa ya yi sanyi, saboda yawan guraben da babu mai amsarsu. Daga nan aka raba sunayen, kowace ta ɗauki ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda ta fi shaƙuwa da su a makaranta. Sharaɗin shi ne ba a zaure za a yi maganar ba. Kira za a yi, in da hali a taka har gida, tunda zumunta a ƙafa take.

Ni da wata muka je wa wata 'yar ajinmu da ke aure a wani gari kusa da Dutse. A makaranta ita ce ke samun jijiyar jariri idan kowa ya kasa. Muka tarar da ita da 'ya'ya huɗu, tana sayar da kayan miya da ƙanƙara a gida. Ba mu fara da zancen aiki ba. Muka ci abinci, muka yi dariyar malaman da, sai can ita da kanta ta ce, "Wallahi har mafarkin ɗakin haihuwa nake yi. Matan unguwar nan ko ciwon kai suke yi nan suke zuwa. Amma Baban su Ummi ya ce ba zai iya da aikin dare ba, kuma Hajiya ma ba ta so."

Muka nemi izinin gaida Hajiya, wato surukarta. Bayan gaisuwa sai abokiyar tafiyata ta ce, "Hajiya, alfarma muka zo nema. Ɗiyar nan taki Allah Ya ba ta hannu. Asibitin garin nan ranar awo mata sun fi ƙarfin ma'aikaciya ɗaya. Da za ki sa baki ta riƙa zuwa da safe ta dawo kafin la'asar."

Tsohuwar ta yi shiru, sannan ta ce, "'Yan nan, ni ba aikin na ƙi ba. Kwanan waje ne ba na so, da barin yara a hannun almajiri. In da rana ne, ku kawo min su nan, ai jikokina ne." Daga baya ta ba mu labarin ƙanwarta da ta rasu a kan gwiwa shekaru da yawa da suka wuce, ana neman motar da za ta kai ta asibiti. Ita ce ta yi wa ɗanta magana, ba mu ba. Yau 'yar ajin tamu tana duba masu awo da yi wa yara rigakafi a ƙaramin asibitin garin.

Ba kowace ziyara ce ta ƙare haka ba. Akwai gidan da aka karɓe mu da fara'a aka sallame mu da a'a, muka yi godiya muka taho, kuma zumunci bai yanke ba. Amma daga abin da muka gani, ga abubuwan da suka fi yin tasiri:

Adashen lasisi. Kowace mai albashi tana zuba ɗan abin da ba zai dame ta ba duk wata. Idan aka samu wadda ke son komawa, daga nan ake biya mata kuɗin horo da na sabuntawa, ta biya a hankali in ta fara ɗaukar albashi.

Babba a gaba. Magidanci ba zai saurari sa'ar matarsa kamar yadda zai saurari dattijuwa ba. Tsofaffin malamanmu da manyan sistocin da suka yi ritaya suna da kwarjini, kuma da yawansu jira suke a neme su. Da tsohuwar zuma ake magani.

Fara da aikin rana. Awo, rigakafi, auna yara masu tamowa, wayar da kan mata, duk da rana ake yi. Wadda ta fara da wannan, gida ya saba, sau da yawa sauran yakan zo da sauƙi.

Sanar da guraben aiki na gaskiya. Duk lokacin da gwamnatin jiha ta buɗe ɗaukar ma'aikatan lafiya, ko na dindindin ko irin na shirin J-Health, akwai wadda aikinta shi ne ta kira waɗanda ke gida ɗaya bayan ɗaya, domin mun san ba sa buɗe zaure.

Rakiya. Makon farko na komawa aiki shi ne mafi wuya. 'Yar aji ta zauna da ke ta nuna miki abin da ya canja, ba tare da ta sa kin ji kunya a gaban yara ba.

Ladubban da ke raya zaure

Zaure ba zai iya wannan aiki ba sai mutane sun amince da shi. Ga wasu abubuwa da ke kashe amana, a zauren nas-nas ko na kowace makaranta.

Kada a sa hoton majinyaci, ko na gawa, ko na jariri da aka haifa da wata lalura, ko da da sunan neman shawara ne. Amana ce, kuma abin da ya shiga waya ya fita daga hannunki. Kada a sanar da rasuwa sai an tabbatar iyalan mamaci sun sani, domin akwai wadda ta fara jin mutuwar ɗan uwanta a zaure. Kada a tura tallar aiki da ake cewa a biya kuɗi kafin a ba da gurbi, yawanci damfara ce. Kada a yaɗa saƙon magani ko na tsoratar da mutane daga rigakafi ba tare da an bincika ba, balle a zauren ma'aikatan lafiya da mutane ke ɗaukar maganarsu hujja.

Sai batun anko da gudunmawa. Idan aka riƙa jera sunayen waɗanda suka biya da adadin da suka biya, wadda ba ta da shi ita ce ke fara yin shiru. A bar ma'aji ta riƙe lissafinta, a sanar da jimla kawai. Sau da yawa abin da ke korar mace daga zaure bai wuce atamfar da ba za ta iya saya ba.

Ga uwa mai 'ya a sakandare, da uwa mai ɗa

Idan 'yarki tana sha'awar aikin jinya ko ungozoma, ki sani ana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu. Yanzu da makarantun suka koma tsarin kwaleji, ana bi ta jarrabawar JAMB. Ki sa ido a kan darussan kimiyya tun tana aji huɗu, kada a bari sai sakamako ya fito a fara neman gyara. Ki nemi wata tsohuwar ɗalibar makarantar a unguwarku ki haɗa su. Za ta gaya mata gaskiyar karatun da ta aikin fiye da duk wata takardar talla.

Idan maganar aure ta taso, a yi zancen aikin a fili tun kafin a sa rana, a gaban waliyyai, har da batun aikin dare da canjin gari. "Ai zai bar ta" ba magana ba ce. Yawancin waɗanda suka koma gida, a wannan gaɓar aka bar abin a dunƙule.

Idan kuma ke ce uwar miji, ki sani kalmarki tana da nauyin da ta kowa ba ta da shi. Riƙe jika na awa shida na iya zama sanadin da matan gari guda za su sami mai duba su. Lada ne da ba kowa Allah ke ba damarsa ba.

A ƙarshe, 'yar uwa, ko wace makaranta kika yi, ta jinya ce, ta malanta ce, ko sakandaren 'yan mata, yau in kin sami sararin aikin gida ki buɗe jerin 'yan zaurenku. Ki nemo suna ɗaya da kika daɗe ba ki gani ba. Kada ki tura sitika ko saƙon Juma'a. Ki kira ta, ki tambaye ta yara, ki tambaye ta ita kanta. Wataƙila lafiya lau take, ku yi dariya ku rabu. Wataƙila kuma shekara uku ke nan tana jiran wanda zai tambaya.

Ina son jin naku labarin a ƙasan wannan rubutu. Shin zaurenku ya taɓa dawo da wata bakin aiki ko makaranta? Me ya taimaka, me ya hana? Don Allah a sakaya sunaye da garuruwa, a rufa wa juna asiri. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya bar zumunci.